Hawan Jini Tsakanin Damuwar Zuciya da Halin Zaman Jama'a

Gabatarwa

A cikin maganganun Hausawa na yau da kullum, da wuya a wuni ba a ji wani ya ambaci hawan jini ba. Uwa kan ce wa ɗanta mai ƙiriniya, "Kai, so kake ka sa mini hawan jini?" Idan kuma aka ji wani magidanci ya yanke jiki ya faɗi, tambayar farko da jama'a kan yi ita ce me aka yi masa, ko wane labari ya ji. Wato dai Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa akwai alaƙa tsakanin abin da ke cin ran mutum da yadda jini ke gudana a jikinsa. A ɗaya ɓangaren kuwa, idan mutum ya je asibiti, abin da akan fi gaya masa shi ne ya rage gishiri, ya rage ƙiba, ya riƙa motsa jiki, ya kuma sha ƙwayoyinsa kullum. Ba kasafai ake samun lokacin tambayarsa yadda yake kwana da yadda yake tashi ba.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, kowane ɓangare daga cikin biyun nan ya riƙe rabin gaskiya, kuma riƙon rabin gaskiya a kan wannan cuta na iya jawo asarar rai. Damuwa da matsin rayuwa suna da hannu a hawan jini, don haka wanda ya ce batun gishiri da gado ne kawai ya rage wani abu. Haka nan wanda ya ɗauka cewa da zarar damuwa ta gushe cutar ma ta gushe, ya jefa kansa cikin haɗari.

Abin da ya sa wannan batu ya tsaya mini a rai shi ne labarin wani malami da ya koyar da ni a makarantar firamare. An gano yana da hawan jini a wata shekara da albashi ya yi watanni bai zo ba, ga kuma bikin 'yarsa ta fari ya matso. Ya fara shan magani yadda aka umurce shi. Da aka biya bashin albashin, aka kuma kai amarya ɗakinta lafiya, sai ya ce ai abin da ya kawo ciwon ya wuce, ya ajiye maganin. Shekara ba ta zagayo ba ya faɗi wata safiya a harabar makaranta. Allah ya yi da sauran kwana, amma hannun daman da ya yi shekaru yana riƙe alli da shi ya shanye, harshensa kuma ya yi nauyi. Malam ya yi daidai da ya ga hannun damuwa a ciwonsa, sai dai ya kuskure da ya zaci ita kaɗai ce.

Mene ne Hawan Jini?

Zuciya tana harba jini ne cikin jijiyoyi, jinin kuma yana tunkuɗar bangon jijiyoyin yayin da yake wucewa. Ƙarfin wannan tunkuɗa shi ake aunawa, a rubuta shi da lambobi biyu. Ta sama tana nuna ƙarfin a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma a lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan awonsa ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu mabambanta. A rahoton da hukumar ta fitar a shekarar 2023, ta bayyana cewa yawan masu wannan cuta a duniya ya ninka daga miliyan 650 a shekarar 1990 zuwa biliyan 1.3 a shekarar 2019. Kusan rabinsu ba su ma san suna ɗauke da ita ba, kuma kimanin huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta ishe su.

Babban makircin wannan cuta shi ne ba ta cika nuna alama ba. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska ba ta da labarin da za ta bayar. Mutum na iya yin shekaru yana harkokinsa cikin walwala alhali jijiyoyinsa suna lalacewa, har ranar da abin zai bayyana a matsayin shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko gazawar ƙoda, ko raunin gani.

Yadda Damuwa ke Taɓa Jini

A shekarar 1915, wani masanin aikin jiki ɗan Amurka mai suna Walter Cannon ya bayyana abin da ke faruwa a jiki idan tsoro ko fushi ya kama halitta. Akwai wasu ƙananan sassa biyu a saman ƙoda da kan saki wani sinadari da ake kira adirinalin. Nan take zuciya kan ƙara sauri, wasu jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, domin jiki ya shirya wa gudu ko faɗa. Duk wanda ya taɓa cin karo da maciji a gona ya san wannan hali ko da bai san sunansa ba. A shekarar 1936 kuma, Hans Selye ya nuna cewa idan matsi ya daɗe a kan jiki ba tare da hutu ba, wannan shiri na kare kai yakan koma ya cutar da jikin. Wani sinadarin da ke fita a irin wannan hali, wato kotisol, idan ya yawaita na dogon lokaci yakan sa jiki riƙe gishiri da ruwa, yakan kuma taimaka wajen tara kitse a ciki.

Bambancin a nan shi ne, tsoron maciji na minti biyar ne, daga nan jiki ya koma daidai. Tsoron mai bin bashi, ko mai gidan haya, ko zullumin abin da iyali za su ci gobe, shi ba ya da ranar ƙarewa, da shi ake kwana da shi ake tashi.

Har wa yau, damuwa tana da wata hanya ta bayan gida. Mai damuwa ba ya samun isasshen barci, kuma ƙarancin barci yana da alaƙa da hawan jini. Wani yakan ƙara shan taba, wani ya yawaita cin goro ko shan abubuwan da ke hana barci, wani ya daina motsa jiki, wani kuma ya manta da maganinsa. Saboda haka ko likitan da ya tsaya a kan batun abinci da ƙiba, idan ya bi sawun abin zuwa tushe, sau da yawa zai tarar da halin rayuwa a can.

Shaida daga Zaman Jama'a

Wani na iya cewa duk wannan hasashe ne. To, bari mu duba abin da masu bincike suka gani a wurare daban-daban.

A ƙasar Italiya, wani likita mai suna Mario Timio da abokan aikinsa sun bi rayuwar wasu mata masu zaman ibada na addinin Kirista, waɗanda suka keɓe kansu daga hayaniyar duniya, suka kwatanta su da wasu matan yankin da ke zaman gari. Sun yi shekara 20 suna auna su, suka buga sakamakon a shekarar 1988. Jinin matan gari ya riƙa hawa yayin da shekarunsu ke ƙaruwa, kamar yadda aka saba gani, amma na masu zaman keɓewa bai hau haka ba, alhali gishirin da ɓangarorin biyu ke ci kusan ɗaya ne.

A ƙasar Kenya kuma, an bi mutanen ƙabilar Luo da suka bar ƙauyukansu na yammacin ƙasar suka koma birnin Nairobi. Binciken da aka buga a shekarar 1990 ya nuna cewa cikin watan farko da isarsu birni jininsu ya fi na 'yan'uwansu da suka zauna a ƙauye hawa. Abincinsu ya canza, nauyinsu ya ƙaru, bugun zuciyarsu ma ya ƙara sauri. Duk wanda ya karanta wannan, dole ya tuna da dubban matasanmu da ke barin gida bayan girbi su tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, suna kwana a rumfuna da kangaye, suna cin abin da suka samu a bakin titi.

Misali na uku ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 1997, Richard Cooper da abokan aikinsa sun buga sakamakon awon da suka yi wa baƙar fata masu tushe ɗaya daga Afirka ta Yamma, amma mazauna wurare daban-daban. Sun sami masu hawan jini kashi 16 cikin ɗari a Nijeriya da Kamaru, kashi 26 a tsibiran Karibiyan, da kashi 33 a Amurka. Da a ce gado ne kaɗai ke yanke hukunci, da ba a ga wannan tazara ba. Abin lura kuma shi ne, binciken da aka yi a Nijeriya a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini. Jinin kakanninmu ne dai a jikinmu, abin da ya sauya shi ne abincinmu da irin zaman da muke yi.

Ta fuskar aiki, a shekarar 1979 Robert Karasek ya kawo wani bayani mai amfani. Ya ce aikin da ya fi gallaza wa mutum shi ne wanda aka ɗora masa nauyi mai yawa, amma ba a ba shi ikon yanke shawara a kan yadda zai gudanar da shi ba. Wani bincike da aka yi a kan ma'aikata maza a birnin New York, aka buga a shekarar 1990, ya tarar cewa masu irin wannan aiki sun fi sauran kamuwa da hawan jini.

Idan Muka Dawo Gida

Idan muka ɗauki wannan ma'auni muka auna rayuwarmu, za mu ga abubuwa da dama. Da farko akwai talauci da tsadar rayuwa. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci da na magani sun yi tashin gwauron zabi. Talauci kuwa sau biyu yake dukan mai hawan jini: yana ƙara masa zullumi, yana kuma hana shi sayen maganin da zai sha kowace rana. Mutum ya sayi na mako guda, ya sha, ya tsaya sai wata ya yi.

Na biyu akwai rashin tsaro. Tun daga shekarar 2009 al'ummomin arewa maso gabas suke fama da tashin hankali, daga baya kuma satar mutane don neman kuɗin fansa ta addabi jihohi irin su Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda yake kwana da kunne a buɗe yana sauraron ƙarar babura, jikinsa na cikin shirin gudu ko faɗa dare da rana. Wanda aka raba da gonarsa kuma ya rasa abinci, ya rasa maƙwabta, ya rasa asibitin da ya saba zuwa.

Na uku akwai nauyin da mu da kanmu muke ɗora wa juna. Gasar kayan lefe da kayan ɗaki da gara ta jefa iyaye da yawa cikin bashin da za su yi shekaru suna biya. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma akwai bashin da lalura ta kawo, akwai kuma wanda tsoron bakin mutane ya kawo. Sannan ga zaman gida da babu adalci a cikinsa, ga sakin aure barkatai da ke barin mace da 'ya'ya ba mai tallafi, ga tsofaffin da 'ya'yansu suka watse birane aka bar su su kaɗai. A da, zaman gandu da zumunci sun kasance garkuwa, domin matsalar mutum ɗaya ta gida ce gaba ɗaya. Yau wannan garkuwa ta yi rauni, kuma masana sun daɗe da lura cewa kaɗaici yana da alaƙa da cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini.

Akwai kuma batun da nake ganin ya kamata mu tattauna da natsuwa, wato yadda muka fahimci haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu ja a kan haka, kuma mutumin da ya miƙa lamarinsa ga Ubangijinsa yakan sami kwanciyar hankalin da kuɗi ba sa saye. Sai dai sau da yawa abin da muke kira haƙuri danne baƙin ciki ne kawai. Mace ta kai kuka gidan iyayenta, kafin ta rufe baki an ce ta yi haƙuri ta koma. Namiji kuwa an koya masa tun yana yaro cewa faɗin damuwa gazawa ce. Haka ta ciki za ta zauna a ciki shekara da shekaru. A ganina, haƙurin da ya dace shi ne wanda ke zuwa bayan an saurari mutum, an kuma yi ƙoƙarin gyara abin da za a iya gyarawa.

Inda Ya Kamata a Yi Hattara

Likitoci suna da hujja idan suka nuna rashin jin daɗi da yadda jama'a ke jingina komai ga damuwa. Akwai mutane masu fara'a, masu wadata, waɗanda ba su da wani abin da ya dame su, amma jininsu ya hau saboda gado, ko shekaru, ko ƙiba, ko ciwon ƙoda. Irin waɗannan su ne kan ƙi zuwa awo, su ce, "Ni me ya dame ni da zan yi hawan jini?" Haka kuma, idan cutar ta riga ta zauna, jijiyoyi da ƙoda sun riga sun sauya, gushewar damuwa ba ta mayar da su yadda suke. Shi ya sa yawancin masu ita kan ci gaba da shan magani tsawon rayuwa, kuma ba a daina shi sai da shawarar likita. Batun gishiri ma yana nan daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a cikin lissafin har da wanda ke ɓoye a dunƙulen ɗanɗano. Kanwa ma tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri.

Don haka kiran da nake yi shi ne a haɗa biyun. A sha magani, a gyara abinci, a kuma dubi rayuwar da mara lafiya zai koma cikinta idan ya bar asibiti. Wani gwaji da aka yi a birnin Los Angeles na Amurka, aka buga a shekarar 2018, ya nuna amfanin yin haka. An kai masana harhaɗa magani wasu daga cikin shagunan aski 52 inda baƙar fata maza ke taruwa, masu aski suna ƙarfafa wa abokan cinikinsu gwiwa, ana auna su ana ba su magani a wurin da suka saba, cikin mutanen da suka yarda da su. Cikin wata shida jinin waɗanda aka yi wa haka ya sauka sosai fiye da na waɗanda aka ba shawara kawai. Mu ma muna da irin waɗannan wurare: majalisar unguwa, harabar masallaci da coci, makarantun Islamiyya na matan aure, taron adashi, da ɗakin malamai.

Ina Ruwan Malami?

Ɗalibi mai shirin zama malami na iya tambaya, me ya haɗa shi da wannan batu alhali ba likita zai zama ba. Amsa ta farko ita ce, aikin da yake shirin shiga ya yi kama da wanda Karasek ya siffanta. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da yawa malami kan tarar da ninkin haka ko fiye a aji ɗaya. Ba shi ya tsara manhaja ba, ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba, ba shi kuma da tabbacin ranar da ƙarin girma zai zo. Ya kamata ya shiga aikin da saninsa, ya saba da auna jininsa tun yana matashi, aƙalla sau ɗaya a shekara. Na'urar awo ɗaya da malamai za su haɗa kuɗi su saya su ajiye a ofishin shugaban makaranta na iya ceton rai. Haka nan ƙungiyar malamai, idan tana neman a biya albashi a kan lokaci, ta san cewa batun lafiya take yi.

Amsa ta biyu ita ce, a ƙauyuka da yawa malami ne mutumin da ake kawo wa takardar asibiti ya karanta, kuma maganarsa tana da nauyi a taron iyaye da malamai. Shi ne zai iya gaya wa dattijo cikin ladabi, "Baba, ko hankalinka ya kwanta kada ka ajiye maganin nan sai likita ya ce." Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar hawan jini ta duniya, kuma makaranta na iya amfani da ita ta gayyato ma'aikacin lafiya ya auna iyaye.

Amsa ta uku ta shafi yaran da ke gabansa. Ɗabi'un cin abinci, da motsa jiki, da yadda mutum ke tunkarar ɓacin rai, duk a ƙuruciya ake shuka su. Malamin da ya mayar da ajinsa wurin tsoro, inda bulala da zagi suke gaba da bayani, yana koya wa yara zama cikin fargaba. Wanda ya ba su damar yin tambaya, ya saurari wanda ya zo a takure, ya kuma ɗauki lokacin wasanni da muhimmanci, yana koya musu wata hanyar rayuwa da za ta amfani zukatansu har girma.

Kammalawa

A taƙaice, hawan jini cuta ce ta jijiyoyi, amma abin da ke rura ta yakan faro daga kasuwa, da wurin aiki, da tsakar gida. Mutum ɗaya ba zai iya sauke farashin abinci ko ya kawo ƙarshen rashin tsaro ba, wannan nauyi ne na hukuma, kuma wajibi ne a ci gaba da tunatar da ita. Amma rage tsadar biki, da ziyartar tsofaffi, da sauraron wanda ya kawo kuka, da tunatar da ɗan'uwa maganinsa, duk suna hannunmu. Duk lokacin da na je gaida malamin nan nawa, yakan miƙo mini hannun hagu mu gaisa, sai in tuna cewa da an sami wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayanin nan, da wataƙila ya yi ritaya da allinsa a hannu. Ina fata malaman gobe za su kasance masu yin wannan bayani ga al'ummominsu, su kuma fara da kawunansu.